Yammacin Ƙofar Mazugal

Da kakar bara Inna ta aike ni ɗaukar hoto, ita da ta daɗe tana yi wa sana'ar tawa dariya. Na je ƙauyenmu ne in kwana biyu, can gefen Tsanyawa, an gama yankan gero, dawa na tsaye tana jiran nata lokacin. Muna tsakar gida bayan la'asar, tana ɓarar gyaɗa a faifai, ni kuwa na miƙe a tabarma na ɗora kai a cinyarta kamar ba matar aure ba. Auta ce ni, kuma ban taɓa jin kunyar cin moriyar autancina ba.

"Nuriyya," ta ce, "wannan abin naki da kike ratayawa a wuya, yana ɗaukar gari?"

"Gari guda, Inna, har da mutanen ciki."

"To in kin koma birni ki ɗauko mini Ƙofar Mazugal. Da yamma nake so, lokacin da masu sana'ar yamma suka fito."

Na tashi zaune. Idon Inna tafiya yake yi, duk mun sani. Likitan da muka kai ta wurinsa a Kano ya ce jijiyar ce take mutuwa, maganin ɗigawa zai rage mata gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama saura 'yar kafa a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin danga, kuma kullum kafar ƙara tsukewa take yi. Da rana tsaka haske na kashe mata ido, a ɗaki kuma duhu ya yi yawa, sai rana ta yi sanyi take ganin abu da ɗan kyau. Duk abin da Inna za ta ƙara gani a duniya, cikin 'yan watannin nan za ta gan shi, amma ta rasa abin zaɓa sai titi mai ƙarar mota. Na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce can suka taɓa sauka da Malam tun tana da ƙuruciya, tana so ta ga yadda wurin ya koma. Malam shi ne babanmu, Allah ya jiƙansa.

Abin ya yi mini daɗi, don ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Hoton biki shi ne abincina, amma abin da raina yake so shi ne garuruwa da yamma. Na ɗauki Zariya, na ɗauki Katsina da Damagaram, duk a ɗan lokacin nan tsakanin la'asar sakaliya da kiran magariba, sa'ad da rana take kwanciya a jikin bango, ginin ƙasa ya yi ja, kwano ma ya daina ƙyalli ya yi hankali. A ƙauyenmu na fara son wannan haske. Lokacin ne shanu ke dawowa ta burtali, hayaƙin tuwo ya tashi daga kowane gida ya tsaya a ƙasan ɗorawa, mu kuma wasa ya yi daɗi ke nan sai a fara ƙwala mana kira mu shigo, wai ba a barin yara a waje da almuru. Ban taɓa ƙoshi da yammacin garinmu ba aka shigar da ni ɗaki, shi ya sa har yau nake binsa gari gari.

A Ƙofar Mazugal ɗin nan kuma Yaya Sama'ilu yake da tukubar tsire, ya fi shekara ashirin a wurin. Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna irin matan da can ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Kunci, a hannunta ya girma, daga can ya wuce birni. Sunansa bai taɓa fita daga bakin Inna ba, in ta kama dole sai ta ce "wancan na birni." Da sallah yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta ce, "Lafiya lau, a gai da mutan gida," shi ke nan hira ta ƙare. Ba faɗa ba ne, ba fushi ba. Shi ne mai aiko da shinkafa da maganin ido, ranar da muka je asibiti ma shi ya samo mota, ya zauna gaba, ita a baya ta juya wajen taga har muka je muka dawo. Ni da nake kwana a jikinta har na yi wayo, na san wannan duka, amma ko kaɗan ban haɗa shi da aiken da ta yi mini ba.

Da na koma Kano sai na fara da abin da na iya. Na hau Dala da yamma, rana a bayana, na ɗauko unguwar daga sama: rufin gidaje jere har ƙarshen gani, hasumiyoyin masallatai, tattabaru suna kewaya, titin Ƙofar Mazugal ya miƙe a tsakiya. Ni kaina na san ya yi kyau. Na wanke shi babba na shiga motar Tsanyawa ina jin kaina.

Inna ta kai shi daf da hancinta ta daɗe. Sannan ta ce, "Wannan tsuntsu ne ya ɗauka ko mutum?"

"Daga kan Dala ne, Inna."

"Ni ban taɓa zama a sama ba. Ki sauko ƙasa, inda mutane suke."

Na sauko ƙasa. Sati na zagayowa na je titin da kansa, na biya na gai da Yaya, ya naɗe mini tsire a takarda yana tsokanata wai mijina bai iya ciyar da ni ba. Daga nan na ba tukubarsa baya, don hayaƙi yana ɓata mini gilashin kyamara, na ɗauki sauran titin. Ga a-daidaita-sahu suna tsere, ga mai lemo ya jera kayansa, mai shayi yana hura wuta, dattawa sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. A can gefen hoton hayaƙin Yaya ya ɗan leƙo, har na so in yanke shi, sai na bari.

Na wanke wannan ma na kai wa Inna. Tunda idon ba ya iya yawo, takardar take matsarwa a gabansa, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta wuce mai lemo, ta wuce mai shayi, ba ta tsaya a kan kowa ba. Da ta kai gefen da hayaƙin yake sai ta tsaya, ta shafa bakin takardar da yatsa.

"Nan ya ƙare?"

"Nan takarda ta ƙare, Inna."

"To. Ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Ta tura shi ƙarƙashin tabarma ta ci gaba da jan carbinta.

Raina ya sosu. Na yi ta jeka-ka-dawo a motar haya, ana matse ni da buhunan barkono, a ce ladan ke nan. Na zagaya sashen Goggo Jumma, ƙanwar babanmu, na same ta tana tankaɗe, na zazzage mata ƙorafina. Ta bar ni na gama tas, sannan ta kalle ni ta girgiza kai.

"Ke dai auta ba ta girma. An ce miki hangen Dala shiga birni ne? Yaushe Malam ya taɓa sauka da ita a wata Ƙofar Mazugal? Uwarki in ban da asibitin nan sau nawa ta taka birni? Wa ke gare ta a wurin?"

Kunya ta kama ni, bayan ta kuma tausayi ya biyo.

"To Goggo, me zai hana ta faɗa kawai?"

"Ta faɗa? Uwarki Hure? Shekara hamsin tana riƙe da bakinta, sai yau da furfura za ta sake shi a yi da ita a gari?"

"Sai in kira shi ya zo ya zauna a gabanta ta kalle shi son ranta."

"Ya zo sau ɗari, bango za ta kalla. Takarda ce ba ta da ido, ita za ta iya kallo." Ta nuna ni da rariya. "Kuma kar ki kuskura ki nuna mata kin gane. Kar ki kawo mata shi shi kaɗai kamar hoton katin zaɓe, ba za ta karɓa ba. Titi ta ce, ki kawo titi, shi kuma ya zamana yana ciki."

A mota ina komawa na yi ta faɗa a zuciyata, na rasa da wa nake yi. Wace irin al'ada ce za ta hana uwa kallon abin da ta haifa? Amma kafin mu kai Bichi na tuna irin kallon da Inna take yi mini tun ina ƙarama, in tana mini kitso ta juyo da fuskata ta yi ta dubawa kamar ta ga sabon abu. Sai na fara zargin ba nawa ne ni kaɗai ba, har da rabon wani nake ci.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Da gidansa zan je da hantsi da an gama cikin minti biyu, to amma gidansa ba Ƙofar Mazugal ba ne, kuma Yaya ba ya fitowa tukuba sai bayan la'asar. Ranar farko hadarin bankwana ya taso ya rufe ranar, na koma gida haka nan. Rana ta biyu na tsaya a tsallaken titi ina satar ɗaukarsa. Tukubar na ƙarƙashin inuwar wani bene, ga hayaƙi, ga hular hana-sallah da yake sawa wurin aiki ta rufe masa rabin fuska. Hotunan da suka fito irin waɗanda nake so ne, mutum a cikin duhu, jan garwashi a hannunsa, da don kaina ne da na rataye su a ɗaki. Amma idon Inna ba zai tsinci komai a ciki ba sai baƙi. Abu ɗaya na lura da shi: daf da faɗuwa rana takan sako ta tsakanin benaye biyu, ta sauka a ɗan fili gaban tukubar, ta yi kamar shan shayi kofi ɗaya, sannan ta wuce.

Da daddare Goggo ta kira ni ta ce yau Inna ta yi wa turmi sallama, ta ɗauka mutum ne a tsugune. Ta faɗa tana dariya, amma na gane saƙon. Washegari ban tsaya a tsallake ba, na je na same shi yana jera tsinkaye.

"Yaya, hoto zan ɗauke ka."

"Ni? Na yi miki kama da ɗan fim? Je ki nemi amare, Auta, ina da aiki."

"Inna ce ta aiko ni. Ta ce in ɗauko mata titin nan, da yamma, lokacin da masu sana'a suka fito. Sau biyu ina kai mata tana cewa bai cika ba."

Hannunsa ya tsaya a kan tsinken. Ya daɗe bai ɗago ba, kitse na ɗiga a wuta yana ƙara.

"Idon fa?" ya ce.

"Yana tafiya, Yaya."

Ya juya tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba su isa juyi ba. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Titin ta ina ya fi fitowa?"

Na nuna masa ɗan filin. Ya ce wa mutum biyu da ke jiran nama su yi haƙuri, ya ɗauki buta ya wanke fuska da hannu, ya shiga bayan shago ya sako farar rigar da yake ajiyewa don sallah. Ya zo ya tsaya inda na nuna, hannuwa a gefe, kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ranar ba ta sako ba tukuna, muka tsaya muna jira, masu wucewa suna kallonmu.

"Ina yaro," ya ce, "in aka kawo ni gida daga Kunci, nakan ɗauka laifi na yi mata. Sai da na girma na gane. Kin san ni ma ƙafafunta na fi sani? In na tsuguna gaisuwa su nake kallo. Ko a cikin mata dubu aka jera zan nuna miki ƙafar Inna."

Allah ya taimake ni ranar ta sako a daidai lokacin. Ta faɗo a kafaɗarsa, ta hau wuyansa, amma bakin hular ya tare ta.

"Cire hular, Yaya."

Ya cire ya riƙe a hannu. Haske ya cika masa fuska, ja mai taushi, kowace furfura ta gemunsa ta fito. Sai dai ya sunkuyar da kai, idonsa a ƙasa.

"Ɗago mana, ranar za ta tafi."

"Ji nake kamar a gabanta nake."

"To a gabanta kake. Kalli nan."

Ya ɗago a hankali ya kalli cikin kyamarar. Idanunsa sun kawo ruwa, daga baya ya ce hayaƙi ne, ni kuma ban yi masa musu ba. Na danna, na sake dannawa. Kafin in ɗauki na biyar hasken ya bar fuskarsa ya hau bangon bayansa, can kuma ladan ya fara gyaran murya. Yaya ya mai da hularsa ya koma wurin namansa, wanda ya ɗan ƙone.

Wurin wanki na yi abin da ban taɓa yi wa hotona ba. Duk inuwar nan da nake taƙama da ita na kore ta, na ƙara haske har ya kusa yin yawa, na sa aka buga shi a takarda mafi girma da suke da ita. Na bar titin a dama da hagu yadda Goggo ta ce, da mai lemo da rabin a-daidaita-sahu, Yaya a tsakiya, fuskarsa ta kai faɗin tafin hannu biyu.

Na isa gida rana ta yi sanyi. An fara yankan dawa, amalanke na shigowa da dammunan dawa, ƙamshin sabon tuwo ya cika gari kamar yadda na san shi tun ina ƙarama. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta a kan 'yar kujera.

"Ga Ƙofar Mazugal, Inna," na ce. "Mutane sun ɗan shiga gaba, ban iya korarsu ba."

"Ai titi na kowa ne," ta ce, ta karɓa da hannu biyu.

Na ja gefe na zauna kusa da rumbu, na jawo kwanon wake na shiga tsinta, na ba ta rabin baya. Ta wutsiyar ido nake ganinta. Ta gyara zama yadda rana za ta faɗo a kan takardar, ta fara daga gefe, wajen mai lemo, don a fita haƙƙin titi. Ba ta daɗe a can ba ta matsar da takardar zuwa tsakiya. Daga nan ba ta ƙara gusawa gefe ba. Ta bi fuskar kaɗan kaɗan, gemu, baki, hanci, ta tsaya a idanun har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Kaji suka shiga akurki, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, ita dai tana nan. Na ga ta kai gefen mayafi ta goge idonta mai gani, ta sake kusantar da takardar.

"Nuriyya."

"Na'am, Inna."

"Zo ki duba mini. Nan sama, datti ne a takardar?"

Na zo na tsuguna. Yatsanta na kan goshinsa, daf da inda gashi ya fara, a kan wani tsohon tabo mai tsawon gaɓar yatsa. Ni na saba ganinsa har na daina lura da shi.

"Ba datti ba ne, Inna, tabo ne. Tun da na yi wayo nake ganinsa da shi. Ya ce saniya ce ta harbe shi a Kunci yana ɗan shekara takwas."

Yatsan bai bar wurin ba.

"Na ji labarin," ta ce a hankali. "Ni na daka maganin da hannuna, na ba Jumma ta kai a ce daga wurinta ne. Kwana uku ban ci abinci ba." Ta sake shafa wurin. "Ban san a goshi ba ne. Ba wanda ya faɗa mini, ni kuma ba dama in tambaya."

Inuwa ta iso ƙafafunta. Na ce mata magariba ta kusa, ko in kai mata hoton ɗaki ta ƙarasa gobe.

"Bar shi," ta ce. "Ɗaga mini kujerar nan zuwa can jikin rumbu, akwai sauran rana a wurin. Ban gama ba."